Diresar oak da saidbod na mahogani: da gaske tsofaffi ne, kuma za su jure hunturun Kano?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Preston, a arewacin Ingila. Na ga kaya biyu a wani shagon tsofaffin kaya, duk sun shiga raina. Ɗaya diresa ce ta katakon oak, irin mai durowoyi a ƙasa da kantocin jera farantai a sama. Mai shagon ya ce ta wajen 1780 ce, fam 650. Ɗayan saidbod ne, wato dogon teburin ɗakin cin abinci mai durowoyi, na mahogani mai siraran ƙafafu shida, ya ce na wajen 1800 ne, fam 400. Abin da ya ɗaure min kai shi ne arahar, don sabon kabad na kanti ma ya kusa haka. Ta yaya zan gane ko da gaske tsofaffi ne? Kuma ina da niyyar in na tashi komawa gida in sa su a kwantena zuwa Kano. Za su kai labari a can?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Tambaya biyu kika haɗa: ko shekarun da aka faɗa miki gaskiya ne, da kuma ko kayan za su rayu a Kano. Ta farkon ita ta fi damunki, amma ni da nake gyaran irin waɗannan kaya ta biyun ta fi tsaya min a rai, don na sha ganin kayan da suka yi shekara ɗari biyu lafiya lau a gidan manomi mai sanyi, suka tsage cikin sanyin shekara ɗaya saboda an jingina su da hita. In hitar Ingila ta yi haka, sai ki ƙiyasta abin da iskar Janairu za ta yi musu a Kano.

Bari mu fara kawar da maganar araha, don ba ta da tsawo. Tun farkon shekarun 2000 farashin tsofaffin kayan katako masu duhu ya faɗi warwas a Birtaniya. Gidaje sun ƙanƙance, kicin na zamani da kabad ɗinsa a manne a bango yake zuwa, ɗakin cin abinci na musamman ya kusa ɓacewa, matasa kuma fararen kaya marasa nauyi suke so. Ga magada kullum suna kwashe gidajen iyayensu suna kai wa gidan gwanjo. Don haka fam 650 ba ya nuna jabu ce, ba ya kuma nuna ta gaske ce. Farashi ba zai gaya miki komai ba a wannan kasuwa.

Inda kowannensu ya fito

Kayan nan biyu ba 'yan gida ɗaya ba ne, kuma sanin haka zai taimake ki wajen dubawa. Masana kayan Ingila har yau suna bin rabon da Percy Macquoid ya yi a littattafansa huɗu na tsakanin 1904 da 1908: zamanin oak, zamanin walnat, zamanin mahogani, sai na wani katako mai ruwan ɗorawa da ya yi tashe a ƙarshen ƙarni na 18. Oak ya riƙe kasuwa har wajen 1660. Daga nan walnat ya karɓa a gidajen manya, har sai da matsanancin sanyin 1709 ya kashe itatuwansa da yawa a Turai, Faransa kuma ta hana fitar da shi a 1720. A 1721 majalisar Birtaniya ta cire haraji a kan katakon da ke zuwa daga ƙasashen da take mallaka a yankin Amurka, sai mahogani na Jamaika ya fara kwararowa. Bayi 'yan Afirka ne suka sare shi suka ja shi zuwa bakin teku, a Jamaika da kuma gaɓar da yanzu ake kira Belize. Duk lokacin da na ɗora hannu a kan tsohon mahogani ina tuna wannan.

Sai dai wannan rabo na Landan ne da gidajen masu hali. Kafintan ƙauye bai daina aiki da oak ba har cikin ƙarni na 19, saboda haka diresar oak ta 1780 ba abin mamaki ba ce, lokacinta ke nan ma.

Diresa kayan gidan manomi ce. Ta fara ne a ƙarni na 17 a matsayin dogon tebur mai durowoyi da ake jinginawa da bango. Kantocin sama daga baya suka zo, suka kuma ƙara daraja lokacin da masana'antun Staffordshire suka sa tangaran ya yi arahar da matar manomi za ta iya saye. A kai take jera farantanta na kuza da na tangaran masu shuɗi da fari, baƙo ya shigo ya san gidan da ya zo. Duk wadda ta taso ta ga jeren kwanuka a ɗakin amarya ta san abin da ake nufi, aikinsu ɗaya. Kowane yanki da nasa ƙirar. Ta arewacin Wales ƙasanta a rufe yake da ƙofofi, ta kudancin Wales a buɗe, da falanki a ƙasa na ajiye tukwane. Ta Shropshire kan zo da lanƙwasassun ƙafafu, a Yorkshire har agogo suke dasawa a tsakiyar kantocin. Ku kuma na Lancashire, inda Preston take, da Cheshire, alamarku ita ce siririn layin mahogani da ake zagaye bakin durowa da ƙofa da shi, don a wancan lokaci Liverpool da Lancaster tashoshin shigowar mahogani ne, kafintocin yankin suna samun guntayensa da sauƙi. In diresar da kika gani tana da wannan layi, da alama ba ta yi nisa da inda aka haife ta ba.

Saidbod kuwa ɗan birni ne, na ɗakin cin abincin masu kuɗi. A shekarun 1760 mai zanen gine-gine Robert Adam yakan tsara tebur ne a tsakiya da wasu ƙananan kabad biyu a gefe, kowanne zaman kansa. Daga baya aka haɗe su wuri ɗaya, kuma irin wanda kika bayyana mai siraran ƙafafu shida shi ne ya fito a zanen Thomas Shearer da na George Hepplewhite a 1788, da na Thomas Sheraton daga 1791. Ki duba gefe ɗaya, za ki iya samun durowa mai zurfi da aka shimfiɗe cikinta da darma: wurin kwalaben giya ne. Wasu ma suna da ɗan ɓoyayyen kabad a gefe na ajiye fo, don maza ba sa son tashi daga hira bayan cin abinci. In kin saya, wannan durowar darma ta yi wa filas da kwalabe, amma kada abinci ya taɓa ta kai tsaye.

Ga inda matsalar take. Wajen 1890 zuwa 1910 wannan ƙira ta Sheraton ta sake tashe, masana'antu suka yi ta buga irinta da yawa. Waɗannan kwafin su ma yanzu sun haura shekara ɗari, sun yi duhu, sun sha hannu, kuma a ƙa'idar kasuwa duk abin da ya kai shekara ɗari sunansa tsohon kaya. In aka ce in yi hasashe ban gani ba, saidbod na fam 400 mai ƙafafu shida ya fi kusa da zama na 1900 a kan na 1800. Ba laifi ba ne, da yawansu aiki ne mai kyau, amma a kira shi da shekarunsa. A wannan lokaci ne kuma mahogani na Afirka ta Yamma, wanda ake lodi daga Legas da yankin Benin, ya cika kasuwar Liverpool. Ɗan'uwan maɗacinmu ne. Ya fi na Jamaica da Kuba rashin nauyi, launinsa ya fi nasu haske, yakan kuma nuna ratsi-ratsi a tsaye.

Ki bar fuskar, ki zaro durowa

Fuskar kaya ita ce aka goge, aka shafa wa mai, aka gyara don mai saye. Ni ba na ɓata lokaci a kanta. Ki tafi da tocila, ki nemi izinin mai shago, ki zaro durowa ɗaya gaba ɗaya ki kife ta a kan tebur.

Fara da kusurwa, inda gefen durowa ya haɗu da gabanta da haƙora masu shiga juna. Na hannu ba sa zama daidai da juna: wani ya fi wani faɗi, kuma sau da yawa za ki ga siririn layin da kafinta ya ja da wuƙa don ya san inda zarto zai tsaya. A kayan ƙauye haƙoran manya ne, uku ko huɗu, wani lokaci har da ƙusa. A aikin birni na ƙarshen ƙarni na 18 sirara ne ƙwarai. In kika ga haƙora da gurabensu duk girmansu ɗaya, tazararsu ɗaya, aikin inji ne, ƙarshen ƙarni na 19 ko bayansa.

Sai ƙasan durowar. A yawancin kayan da aka yi kafin wajen 1770, jijiyar falankin daga gaba take tafiya zuwa baya. Bayan nan aka koma jera ta daga gefe zuwa gefe, ko da yake kafintocin ƙauye sun daɗe a kan tsohuwar hanya. Ki shafa tafin hannunki a kai. Falankin da aka fere da hannu yana da ɗan tudu da kwari da ido ba ya gani amma hannu yana ji. Ki haska tocila a karkace ki nemi sawun zarto. Miƙaƙƙen sawu marar tsari na zarton hannu ne. Sawu mai lanƙwasa kamar baka na zarton inji mai juyawa ne, kuma ba a cika ganinsa a kayan ɗaki ba kafin wajen 1830. In kuwa filawud kika gani, ko dai kayan na ƙarni na 20 ne, ko an canza ƙasan.

Durowar da aka yi shekara ɗari biyu ana ja ana turawa dole ta ci kanta. Gefunanta na ƙasa za su zaizaye, sun fi cinyewa ta baya, kuma cikin kabad ɗin za ki ga kwarin da ta haƙa a inda take gudu. In an manna sabon siririn katako a wurin don a cike zaizayar, wannan gyara ne na kirki, kusan duk tsohuwar diresa an yi mata. Abin tsoro shi ne a ce miki 1780 amma ƙasan durowa sumul, babu alamar wahala.

Yanzu ki leƙa bayan fuskar durowar, ta ciki, inda mariƙin tagulla ya ɓullo. Mutane suna ganin ramuka da yawa su tsorata, ni kuwa daɗi nake ji. Zamanin Sarauniya Victoria, 1837 zuwa 1901, an yi yayin cire mariƙan tagulla a sa dunƙulen katako, daga baya dillalai suka cire dunƙulen suka mayar da tagulla. Saboda haka durowar da ta ga zamani takan nuna ramuka kashi biyu ko uku, wasu a toshe. A fuskar ma, in kika karkata haske, za ki ga inuwar tsohon mariƙi a jikin katako.

Daga nan ki roƙi a janye miki kayan daga bango. Bayan tsohuwar diresa falankai ne marasa daidaiton faɗi, ba a goge su ba, ba a shafa musu komai ba, iska da hayaƙin murhu ne suka duhunta su a hankali. In bayan ya sha kala da burushi, wani yana ɓoye sabon katako. Ki duba ƙusoshi: na maƙeri masu kai mai kusurwa-kusurwa su ne na kafin wajen 1800, zagayayyun ƙusoshin waya irin namu na yau sai ƙarshen ƙarni na 19. Ƙarfe in ya daɗe a jikin oak yakan bar baƙin tabo kewaye da shi, don akwai sinadari a katakon da ba ya shiri da ƙarfe, kuma wannan tabo yana da wuyar ƙirƙira. Sukuru mai tsini na inji ya yaɗu ne daga tsakiyar ƙarni na 19, na da can bakinsa a dakushe yake, tsagar kansa ma takan kauce daga tsakiya. Mai tsagar gicciye kuwa daga shekarun 1930 ne. Amma sukuru ɗaya sabo a jikin hinji ba hujja ba ce, kowa yana ɗaure ƙofar da ta saki.

Abu na ƙarshe a jikin diresa shi ne fegi. Kafintan oak yakan haɗa ginshiƙi da gicciye ta hanyar rami da harshe, ya soke su da fegin katako. Da shekaru suka tafi ginshiƙin yana tsukewa, fegin kuwa tsawonsa ba ya raguwa, sai kansa ya ɗan ɗago sama da fuskar katakon. Ki bi da yatsa. In kin ji shi ya turo, kuma ba zagayayye sak ba ne, alama ce mai kyau.

A saidbod, ƙara da duba kaurin fallen mahoganin da aka manna a kan gangar jikin. Ki nemi inda ya ɗan ɓantare. Fallen da aka yanka da zarton hannu yakan kai milimita 1 da rabi ko fiye, na injin zamani bai cika wuce rabin milimita da kaɗan ba. Ki duba saman bakin durowar tsakiya ko akwai hatimi. Tsohon kamfanin Gillows na Lancaster, nan kusa da ke, yana daga cikin 'yan kaɗan da suka riƙa buga sunansu a kaya tun ƙarshen ƙarni na 18. Ban sa ran ki same shi a fam 400 ba, amma in kina son idonki ya saba da aikin gaske, gidan tarihi na Judges' Lodgings a Lancaster yana da tarin kayansu. Ki je ki kalle su kafin ki koma shagon.

Sama da ƙasa: tare aka haife su?

Babbar cutar diresa ita ce haɗin aure, kamar yadda 'yan kasuwar suke kiransa: ƙasa daga wani gida, kantoci daga wani. Dalilin a fili yake. Wasu diresoshin tun asali ba su da kantoci, wasu kuma kantocinsu a bango aka kafe su, da aka sayar da gidan aka bar su a can. Dillali ya san mai kantoci ta fi kuɗi, sai ya nemo mata miji.

An taɓa kawo min wata a gyara mata ƙafa. Ƙasan na gaske ne, ba tantama, durowoyin sun zaizaye, feguna sun turo. Da na sauke kantocin sai na ga saman teburin launinsa ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Wurin da kantoci suka zauna shekara ɗari biyu ya kamata ya fi haske, don rana da kakin gogewa ba sa kai gare shi. Na juya kantocin. A bayan kowane falanki akwai ramukan ƙusa biyu-biyu a toshe, tazararsu ɗaya, sun jeru tun daga farko har ƙarshe. Falankin daɓen tsohon gida ne, ramukan kuma inda aka kafe shi ne a kan gungumen ƙasa. A bakin da aka yanke, hanyoyin ƙwaro sun fito fili kamar rubutu. Ƙwaron katako ba ya tafiya a waje, a ciki yake haƙa, ƙaramin rami zagayayye kawai yake bari inda ya fita. In kika ga doguwar hanyarsa a buɗe, zarto ne ya bi ta kanta bayan ya gama ɓarnarsa. Katakon tsoho ne da gaske, kantocin ne ba tsofaffi ba.

Don haka ki gwada ado da ado: in ƙasa tana da layin mahogani, a sama ma ya kamata a ga irinsa ko danginsa. Ki gwada launi ta gefe, ki gwada faɗi. Falankan da suka rufe bayan kantoci kada su ruɗe ki, da yawa daga baya aka ƙara su, wannan ba ya kashe kaya. Haɗin aure ma ba ya hana amfani, farashi kawai yake ragewa, kuma hakkinki ne a gaya miki.

In diresar ta sha sassaƙa ta ko'ina, baƙa wuluk, ki ja da baya. Mutanen zamanin Victoria sun yi ta sassaƙe tsofaffin kayan oak marasa ado, titin Wardour a Landan kuma ya yi suna wajen harhaɗa "tsofaffin" kaya daga guntaye. Kwafin ƙarni na 20 irin na kamfanonin Ercol da Old Charm ba su da wahalar ganewa, sau da yawa tambarinsu na nan a baya ko cikin durowa, kuma su ba su taɓa cewa su tsofaffi ba ne.

Ramukan ƙwaro, masu faɗin milimita 1 zuwa 2, kusan babu tsohon kayan ƙauye da ba shi da su. Tambayar ita ce ko yana ciki har yanzu. Tsohon rami bakinsa baƙi ne, sabo fari ne tas. Ki shimfiɗa baƙar takarda a ƙasa ki ƙwanƙwasa, in garin katako mai haske ya zubo, akwai mai rai. Tsutsar takan yi shekaru tana ci a ciki kafin ta fito tsakanin Mayu da Agusta. Yana maganuwa, amma ki danna ƙafafun baya da babban yatsa, in sun yi laushi aikin ya girma.

Maganar Kano

Katako ba ya daina numfashi ko ya shekara nawa. Yana shan laimar iska ya kumbura, ya sake ta ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsi, ba ta tsawo ba. A iskar da laimarta take kashi 65 cikin 100, irin ta tsohon gidan Ingila, ruwan jikin katako yana zama wajen kashi 12. A kashi 50 yana sauka wajen 9. Shi ya sa masu adana kayan tarihi suke son ɗaki ya tsaya tsakanin 40 da 60. A Kano kuwa, da hunturu laima tana faɗuwa ƙasa da 20, inda katako zai bushe har ƙasa da kashi 5, sannan Agusta ta zo ta haura 70 ko 80, ya koma wajen 14 zuwa 16. Falankin oak mai faɗin santimita 40 zai iya tsukewa da kusan santimita 1 tsakanin damina da hunturu, kowace shekara, ya je ya dawo. Kin san ƙofar da take ƙin rufuwa da damina, da rani kuma ana hango waje ta tsakaninta. To wannan ƙofar ma a can aka yi ta.

Saidbod shi zai fara faɗuwa. Gangar jikinsa katako ne mai araha, galibi fayin, aka lulluɓe da fallen mahogani da gam na fata da ƙashi. Na ciki zai tsuke ta wata fuska, na waje ta wata, sai fallen ya tsage ko ya kumbura ya ɗago, siraran layukan ado su fara faɗowa ɗaya bayan ɗaya ana share su da tsintsiya. Kafin ma ya iso, zafin cikin kwantena da laimar tashar Legas sun riga sun sassauta gam ɗin, don irin wannan gam zafi da ruwa ne suke narkar da shi. Shawarata a kansa ba ta da kwana-kwana: ki more shi a Preston, ranar tafiya ki sayar ko ki bar wa 'yan'uwa.

Diresa ta fi shi dama. Katako ne zalla, kuma an gina ta yadda falankin ƙofa yake zaune cikin kwarin firam ba tare da gam ba, yana da wurin motsi. Za ta buɗe baki a tsakanin falankan sama, ƙasan durowa zai iya tsagewa, layin mahoganin zai iya ɗagowa, amma ba za ta wargaje ba. In kin ƙudura sai kin kai ta, ki tsara ta iso cikin damina, ta bi shekara ta bushe a hankali, kada ta sauka tsakiyar Janairu. Ki ba ta ɗakin ciki, nesa da taga da rana da bakin na'urar sanyaya ɗaki, don ita ma busar da iska take yi. Ki sayi ɗan ma'aunin laima, ba shi da tsada, da na'urar fesa laima don watannin hunturu. Kwanon ruwa a ƙarƙashi da ake cewa a ajiye, amfaninsa kaɗan ne. Gara kuma ba ta san tarihi ba: zuciyar oak tana ɗan ba ta wahala, amma in akwai fayin a baya ko cikin durowa, abincinta ne. Ki ɗora ta a kan tayil, ki bar tazara tsakaninta da bango, a riƙa leƙawa.

Abin da na fi jin tsoro ma ba iska ba ce, kafinta mai kyakkyawar niyya ne. Zai ga ta yi duhu ya ce bari ya sabunta miki, ya bi ta da samfefa, ya fesa banish mai ƙyalli, ya buga ƙusa a falankin da aka bari da gangan don ya motsa. Wannan duhun mai sheƙi da shekaru suka tara shi ne rabin kuɗin kayan, kuma in ya tafi ba ya dawowa. Kakin zuma sau ɗaya ko biyu a shekara da busasshen ƙyalle sun ishe ta. In layin ado ya faɗo, a adana shi a ambulan, a manna da gam na fata, ba sufa gulu ba.

Akwai hanya ta uku da nake ba mutane da yawa. Ki auna diresar, ki ɗauki hotonta ta kowace fuska, ki kai wa ƙwararren kafinta a gida ya yi miki irinta da maɗaci ko ƙawo da ya bushe a can. Sharaɗi ɗaya: ya bi tsarin rami da harshe, ya bar falankan ƙofa su yi motsi. Wannan za ta zauna lafiya, kuɗin kwantena da na kwastan kuma ya ishi aikin.

Kafin ki biya

Ki sa mai shago ya rubuta a rasit shekarun da ya faɗa, irin katakon, da duk gyaran da ya sani, har da ko kantocin na asali ne. Dokar Birtaniya ta kare masu saye ta 2015 ta wajabta kaya su dace da yadda aka bayyana su, kuma za ki ga yadda "1780" take komawa "ƙirar zamanin sarakuna George" da zarar an ce a rubuta. Dillalan da suke cikin ƙungiyar masu sayar da tsofaffin kaya ta LAPADA ko BADA ƙa'idarsu ce su bayyana irin wannan. Ki nemi ragi, al'adar kasuwar ce. A saidbod ki duba bakin makulli: in an zagaye shi da wani farin abu, zai iya zama ƙashi, zai iya zama hauren giwa. Dokar hauren giwa ta 2018, wadda ta fara aiki a Yunin 2022, ta hana cinikinsa sai in kayan na kafin 1947 ne, hauren bai kai kashi 10 cikin 100 na jikinsa ba, kuma an yi masa rajista. Fitar da shi daga ƙasar yana buƙatar takardar izini ta CITES, yarjejeniyar duniya ta kare dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, haka ma wasu katakon ado masu duhu da ake sa wa a gefuna.

Duk wannan daga bayaninki nake magana, kuma gani ya kori ji. Nauyin durowa a hannu, warin cikin kabad, yadda kaki ya taru a lungu, ba sa zuwa a rubutu, hoto ma rabi yake kawowa. Alama ɗaya kuma ba ta yanke hukunci, sai huɗu ko biyar sun yi magana da baki ɗaya. In kin koma shagon ki ɗauko min hoton bayan kowannensu, kusurwar durowa, ƙasanta a kife, cikin fuskarta inda ramukan mariƙi suke, da daidai wurin da kantoci suka zauna a kan teburin diresar. In mai shagon ya yarda a ɗaga kantocin ko da na minti ɗaya ne, wannan hoton na fi so.